Mai Baro da Gonar Gangare

A layinmu ba mai kiransa da sunansa, sai Mai Baro. Da hantsi za ka ji kukan tayarsa yana bin gidajen masu awaki, yana kwasar kashi da toka zuwa gona.

Gonar ta gado ce. Da mahaifinsu ya rasu aka raba ta biyar, shi ya sami ta gangare, inda ruwan sauran ke bi. A zamanin tsohon baƙar ƙasa ce mai laushi. Yanzu ta yi fari, ta yi tauri kamar daɓe, fartanya tsalle take a kanta. Masara ba ta wuce ƙugu. Shekara uku yana ƙara takin zamani; ganye ya yi kore, goyo ba ƙwaya.

Malamin gona ya zo ya murza ƙasar a tafin hannu, ya ce, "Baba, ta gaji. Ka bar ta ta huta shekara biyu, kuma ka daina kwashe kara."

Mai Baro ya yi dariya. "Malam, mu tara ne a gida. Cikin ma hutun zai tafi?"

Da ya kai wa matarsa zancen kara, ta ce, "To, Baban yara, da ƙafata zan hura wuta?"

Ya yi abin da zai iya. Ya juya kunyoyi suka gitta gangaren, ya jera duwatsu layi uku, ya dasa ciyawa a bakin kwazazzabon da ke cin gefen gonar. Ya roƙi yayansa, mai gonar sama, ya tare ruwa daga can.

"Ni ba ya yi mini ɓarna," in ji yayan.

Ruwan farko mai ƙarfi ya watsa layi biyu. Mai Baro ya tsaya cikin laka yana duba ɓarnar. Washegari ya sake jerawa.

Kunya goma kaɗai ya iya warewa don su huta da masara. Ya zuba musu taki, ya shuka wake, ya bar ganyen ya ruɓe a wurin. Da shekara ta zagayo masarar wajen ta kai masa kafaɗa. Ya ƙirga sauran kunyoyin, ya ga sai ya yi shekara goma sha biyu kafin ya zagaye gonar, ga gwiwa ta fara ƙi.

Babban ɗansa ya ce a sayar. Mutum biyu suka zo, suka leƙa kwazazzabon, ba su dawo ba.

Bana ya ware wasu goma. Kwazazzabon kuma ya ci uku.