Zagin Da Ba Shi Da Ƙofa

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta da kakar da na bi gari gida-gida ina neman wanda ya zagi jikana ba.

Yaron a hannuna ya tashi tun rasuwar uwarsa, a ƙauyenmu da ke gefen Maska. Dogo ne kamar karan dawa, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. A makarantarsu ta Funtua aka koya masa ƙwallon kwando, malaminsu ya ce bayan hutu za a zaɓi masu zuwa wasa Katsina. Da ya dawo gida sai ya ɗauki kwandon da nake wanke kalwa, ya fasa gindinsa, ya ɗaure a jikin ɗorawar masussuka. Na yi masa faɗa, ya ce, "Haba amarya, in na zama wani, goma zan saya miki." Na ce, "Ka fara zama mutum tukuna, mijin banza."

Wata rana da yamma ya yi tsalle, igiya ta tsinke, ya faɗa cikin ƙaiƙayi, kwandon ya kife a kansa. Ashe wani ya ɗauka a waya. Suka haɗa da kukan jaki suka watsa. Ni ban yi boko ba, ban san abin da suka rubuta a ƙasa ba, amma kukan jakin na ji da kunnena, don yara sun koma yi masa shi duk inda ya gifta. Ya daina zuwa masussuka. Tuwonsa ya riƙa dawowa yadda na kai. Daga baya ya ce shi ya fasa zaɓen ma.

A tasowarmu zagi yana da ƙofa. Ɗan wane ya zagi naka, ka yafa mayafi, ka yi sallama, uwarsa ta ja masa kunne a gabanka, magana ta mutu. Haka na sani, haka kuma na yi. Gidan farko yaron ya durƙusa ya ce, "Wallahi Iya, turo min aka yi." Na ce wa ya turo? Ya faɗa. Na je can, shi ma turo masa aka yi. A wani gida uwar yaron ma cewa ta yi, "Ai wasan yara ne Iya, ke ma da kin gani sai kin dara." Na ce, "Na gani, ban dara ba."

Har mashin na hau zuwa Funtua, ƙugu na ciwo, wajen wani mai cajin waya da aka ce daga wurinsa ya fito. Ya ba ni benci na zauna, ya ce shi daga Malumfashi ya samu, na can kuma Allah kaɗai ya san inda ya samo. "Hajiya, ko wayoyin garin nan duka kika zuba a rijiya, abin nan yana nan." Na dube shi, na ga ba raini ba ne, gaskiya yake faɗa min. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, kuma ba ta ƙafa ba ce.

Na dawo na tarar da jikana zaune a zaure. Bai kira ni amarya ba. Ya ce, "Kaka, kin ƙara min." Ya miƙo min wayarsa, na duba. Ni ce a ƙofar gidan mutane, yatsa a sama, an sa min kukan kaza.

Washegari bayan la'asar na ɗauki sabon kwandona, na sa wuƙa na fasa gindinsa da hannuna, na naɗe tabarma. Na ce, "Taso ka ɗaure, ni ba zan iya hawa ɗorawa ba." Ya ce za su sake ɗauka. Na ce, "Su ɗauka. Jaki da kaza, ai gida ɗaya suke kwana." Ya yi dariyar da na kwana biyu ban ji ba.

Kullum ina nan zaune yana jifa. Yara su zo da wayoyi, in kafa wa kowa ido in tambaye shi lafiyar uwarsa, sai waya ta koma aljihu. Na nesa kuwa ban da yadda zan yi da su. Ya je zaɓen, ba a ɗauke shi a shekarar ba. Ya dawo ya cinye tuwonsa har da neman ƙari.

Har yau ban san wanda ya fara ba, kuma wani lokaci a kasuwa akan yi kukan jaki a bayansa. Abin da na koya shi ne, in zagi ba shi da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kada ka ƙarar da ƙafarka a gidajen mutane. Ɗauki tabarmarka ka zauna kusa da naka.