Kalmar da Hedimasta Ya Rubuta a Katina

In na ji ƙanshin ganyen albasa da aka yi wa ban ruwa da safe, ba gonata ke zuwa mini a rai ba. Lambun makarantarmu ta firamare nake tunawa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Aliero da Jega. Fangali huɗu ne kacal da rijiya mai guga, ni ne kuma mai kula da shi. Kada ka ɗauka son noma ne ya kai ni. Lokacin ban ruwa ya zo daidai da darasin lissafi, malamin lissafi kuwa ba ya rabuwa da tsumagiya. Albasa ta yi kyau, bayana ya huta, kowa ya yi ta yabona.

Ni da ƙanena aji ɗaya muke, don rana ɗaya aka kai mu. Shekarar da muka gama, Kaka, mahaifin babanmu, ya ce ɗaya ne zai wuce sakandare a Jega, ɗaya ya zauna, tunda fadama ba ta shayar da kanta da rani. Baba ba ya ɗaga murya inda Kaka yake. Duka biyun mun ci jarrabawa, sai aka ce a jira katin sakamako a ji abin da malamai suka gani.

A katin ƙanena kalma biyu aka rubuta da Turanci, cewa ya yi ƙoƙari. A nawa kuwa hedimasta ya ja dogon layi da jan biro, har da wata kalma mai tsawo, inclination, sai kalmar noma a gabanta. Na ji kaina ya kumbura, don a ganina yawan rubutu shi ne yawan yabo.

Bayan la'asar Kaka ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kira Baffa, ƙanin babanmu, wanda ya taɓa yin masinja a ƙaramar hukuma, shi ne Baturen gidanmu. Ya riƙe katin nesa, ya matso da shi kusa, ya yi gyaran murya, ya dubi Kaka ya ce:

"Baba, abin da ta ka nuhi, inda zuciyar mutum ta karkata. Sun ce tashi ta karkata ga noma."

Kaka ya ce, "Karkatar ga, halitta ta, ko ko sha'awa ta ƙuruciya da ka wucewa?"

Baffa ya sake duban katin kamar amsar na ɓoye a bayansa. Ya ce Turawa kan faɗe ta ga wannan, su faɗe ta ga wancan. Kaka ya ce shi bai taɓa jin magana mai fuska biyu a takardar hukuma ba. Suka yi ta juya ta har aka kusa kiran magariba, ni kuwa ina raɓe a gefen tabarma, kaina ya ɗaure tam. Ban san zuciya tana karkata ba tare da mai ita ya sani ba.

Can Kaka ya juyo gare ni. Mutum ne mai yawan tsokanata, amma ran nan babu wasa a fuskarsa.

"Kai, ɗan nema, gaskiya malaminku ya hwaɗi?"

Me zan ce? In na ce a'a, na ƙaryata hedimasta, kuma sai na faɗi abin da ya kai ni lambu. In na ce i, ban san abin da nake amsawa ba. Ina son Jega, ina son farin wando da takalmin 'yan sakandare, amma ina tsoron lissafin da ke jira a can. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. A gidanmu kuwa shirun yaro gaban babba amincewa ne. Kaka ya ce, "To, madalla," ya naɗe katin ya sa a aljihu.

Ƙanena ya tafi Jega da akwatin ƙarfe. Ni na shiga fadama, ban sake fita ba. Ban ce na yi asara ba. Albasa ta yi mini gida, ta yi mini aure, 'ya'yana duk suna makaranta. Sai dai har yau ban sani ba, hedimasta ya hango abin da ke cikina ne, ko rubutunsa ne ya mai da ni haka. Yanzu yara kan duba kalma a waya kafin ka rufe baki. Babbar 'yata ta duba mini ita, ta ce tana nufin ɗan jan da rai ke yi zuwa ga abu, mai iya yin ƙarfi, mai iya gushewa. Wato tambayar Kaka tana nan inda ya bar ta.

Ƙanena yanzu ma'aikacin ofis ne a Birnin Kebbi. Duk Asabar da rani sai ya zo, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando ya shiga fangali, ya fi ni daɗewa a ciki. Bara muna dashe na ba shi wannan labari ina dariya, har da zancen tsumagiya. Shi bai yi dariya ba. Ya ci gaba da soka irin a laka, bai ɗago ba, ya ce, "Yaya, ni gona ni ka so. Ina zaure ran nan, bayanka nike zaune. Ba wanda ya tambaye ni."