Ranar da Na Mayar da Mashin

Abubuwa da yawa na zaman makaranta sun ɓace mini, har da fuskokin wasu da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya. Amma ranar da aka ɗora mini mashi a hannu a gaban dukan makaranta na mayar da shi, da watannin da suka biyo bayanta, waɗannan kam ba zan manta da su ba muddin ina numfashi.

A farkon shekarun 1980 ne, lokacin muna cikin jihar Kaduna, ina kwalejin horon malamai a Dutsin-Ma. Ni mutumin wani ƙauye ne ta wajen Rawayau, ƙasar Kurfi. A aji ba ni da ƙoƙarin a zo a gani, ba ni da surutu, ƙwallo kuma ƙafata ba ta san ta ba. Abu ɗaya na iya, shi ne jifa. Tun ina ƙarami aikina ke nan a gonar gero, korar tsuntsaye da hoge. Wata rana malamin wasanninmu ya ga na jefi wata akuya da ta shiga lambun makaranta daga wuri mai nisa, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in same shi a fili da la'asar. Ranar na fara riƙe mashin da ake gasar jifa da shi.

Malamin nan Kirista ne, mutumin wajen Jos. Hausarsa tana da ɗan gargada, amma ba abin da ba ya iya faɗa da ita. Yana da wata doka da a lokacin nake ganin ta yi tsauri. In na yi jifa da ƙarfi yau, to gobe da jibi ba zan taɓa mashi ba, sai gudu da tsalle-tsalle. In kuwa gasa na je, hutun ya fi haka tsawo. Yakan ce, “Ƙafa tana faɗa maka ta gaji. Hannu ba ya faɗa, sai ya lalace.”

Cikin shekara guda na zama wani abu a makarantar. Ni da a da ba mai sanin ina ɗaki ko ba na ɗaki, sai ga shi in na shigo ɗakin cin abinci ana matsa mini wuri. Ana kirana Mai Mashi. 'Yan ajin ƙarshe suna dafa mini kafaɗa. Wanda bai taɓa zama a gefe ba ba zai gane daɗin wannan ba.

Ana cikin haka aka yi wa malamin rasuwa, mahaifinsa, ya tafi gida ya daɗe. Sai abubuwa suka taru a bayansa. Aka yi gasa tsakanin makarantun yankinmu, na je na yi nasara. Ban huta ba wasu manya suka zo daga Kaduna duba makaranta, shugaban makaranta ya ce a fito da ni in nuna musu, na yi ta jifa suna tafi suna cewa a ƙara. Ga kuma gasar gidajen kwana tana matsowa, wadda a wurinmu ta fi kowace gasa zafi, don kofi ake ci, gidan da ya ɗauka kuma shekara guda yana yi wa sauran dariya. Kyaftin ɗin gidanmu, wani dogo ɗan ajin ƙarshe, ɗan wani mai sayar da hatsi a cikin gari, kullum la'asar sai ya fitar da ni fili. Ba mugunta yake yi ba. Shi a saninsa, yawan yi shi ke kawo ƙwarewa, kuma duk makarantar haka aka sani.

Ciwon ya fara ne ta cikin gwiwar hannuna na dama, kamar an soka tsinke mai zafi daidai lokacin da mashin zai bar hannu. Daga baya ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka riƙa yin sanyi kamar ba nawa ba. Babu kumburi, babu rauni, babu abin da zan nuna wa mutum.

Da malamin ya dawo, jifa ɗaya ya gani ya busa usur. Ya kama hannun ya danna wani wuri da babban yatsa, ban san lokacin da na yi ƙara ba. Ya tambaye ni abin da aka yi bayan tafiyarsa, na faɗa masa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini nasa hannun. Ashe ba ya miƙewa sosai, a ɗan lanƙwashe yake tsayawa. Duk zaman da muka yi ban taɓa lura ba.

“Ni ma an yi mini tafi,” in ji shi. “Ba za ka sake jifa ba sai bayan damina. Ko dutse. Ko garma kada ka ɗaga.”

Na ce, “Malam, gasar gida fa?”

Ya ce, “Na ji.”

Ya cire sunana daga gasar, ya kuma gaya wa kyaftin dalili. Amma 'yan gidanmu ba su yarda ba. Suka ce ai malamin yana da alaƙa da wani gidan, so yake ya karya mu. Wasu suka ce tsoro nake ji, don an ce wani ɗan gidan da muke hamayya da su ya fara kamo ni. Mutum ya kama hannuna ya jujjuya ya ce, “To ina ciwon? Nuna mini.”

Ranar gasa fili ya cika, har mutanen gari sun zo sun tsaya a bakin waya. Ina zaune a ƙarƙashin wata bishiyar bedi cikin kayan gida, ba na wasa ba. Da yamma ta yi, jifan mashi ne ya rage, kuma tsakaninmu da gidan da ke gaba tazarar kaɗan ce, wadda in na shiga ko da rabin ƙarfina zan rufe ta. Malamin yana can ɗaya ƙarshen filin wajen masu gudu. Sai ga kyaftin ya nufo ni da mashi, 'yan gidanmu na biye da shi. Ya riga ya shawo kan malamin da ke rubuta sakamako ya mayar da sunana. Ya kama hannuna ya ɗora mini mashin ya rufe yatsuna a kai.

“Sau ɗaya kawai,” ya ce. “Don Allah, ƙanena. Wannan ce shekarata ta ƙarshe. Jifa ɗaya, ka huta har abada in ka so.”

Bai taɓa ce mini ƙanena ba sai ranar. Fili ya ɗauki Mai Mashi, Mai Mashi. Na miƙe tsaye. Wallahi na so in jefa, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so shi a lokacin ba. Na hango malamin wasannin ya juyo yana kallonmu daga nesa. Bai taho ba, bai ɗaga hannu ba, tsayawa kawai ya yi. Na ɗaga mashin zuwa kafaɗa don in ji, sai tsinken nan ya soke ni tun ban ja baya ba, yatsun biyu suka mutu a jikin igiyar riƙo. Na sauke shi na miƙa wa kyaftin na ce, “Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

Bai karɓa ba. Sai da na jingine shi a jikin bedin. Ihun da ake yi mini ya juye ya zama eho. Aka sa wani ya jefa, ya zo na ƙarshe, kofi ya tafi ɗaya gidan.

Ba wanda ya doke ni, kuma da dukan aka yi da ya fi mini sauƙi. Shiru aka yi mini. In na zauna a ɗakin cin abinci, sai a ja kwano a matsa. In na shigo ɗaki ana hira, hirar ta mutu har sai na fita. Ranar Juma'a da muke tafiya masallacin gari a ayari, na koma tafiya ni kaɗai a baya, ina jin dariyarsu tana tafe a gabana. Da la'asar kowa na fili, ni kuwa ba abin da zan yi a can, sai in hau duwatsun bayan makaranta in zauna ina jin usur daga nesa har a kira magariba. Malamin yakan tsaya in mun haɗu ya duba hannun ya ce, “Ci gaba da haƙuri.” Amma shi malami ne, yana da gidansa da iyalinsa. Ba zai zauna ya ci tuwo da ni ba.

Na ɗauka in aka yi hutu na koma gida zan samu sauƙi. Sai na tarar da damina ta kankama, ana tsakiyar huɗa. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, “Mi ya same shi, hannun?” Ya kai ni wurin mai ɗori a Kurfi. Tsohon ya lalube hannun tun daga kafaɗa ya ce babu karaya, babu targaɗe. A hanyar dawowa Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari ya ɗauki garma shi da ƙannena suka tafi, ni aka bar mini kai musu fura da ruwa. Saurayi ƙato, lafiyayye a ido, yana tafe da ƙwarya a ka, sa'o'insa suna duƙe a kan kunyoyin gona suna ɗagowa suna kallonsa. Na ji da kunnena wani yana cewa boko ta gama da ɗan wane. Inna ce kaɗai ba ta taɓa tambayata ina ciwon ba. Takan ɗumama ruwa ta gasa mini wurin da tsumma, ta ce, “Mai jiki shi ya san jikinshi. Ku bar mini ɗa.” Sau da yawa na kama ƙotar garma in ba kowa, don kawai in huta da idon mutane, sai in tuna hannun malamin nan da ba ya miƙewa, in sake ta.

Da muka koma makaranta bayan an fara girbi, yatsun sun dawo. Malamin ya fara da ni kamar sabon shiga, jifa kaɗan a hankali, sai hutu, sai a ɗan ƙara. Shekarar da ta biyo na je gasa a Katsina na zo na biyu. 'Yan gidanmu suka dawo da matsa mini wuri kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na zauna, na ci, na yi dariya da su, amma tafin bai sake shiga jikina kamar da ba. Kyaftin kuwa ya riga ya gama ya tafi, ba mu yi sallama ba.

Sai bayan shekaru masu yawa na gan shi a kasuwar Dutsin-Ma, ya zama Alhaji, yana zaune a gaban buhunan masara. Ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya sa aka kawo mini lemo. Ni kuwa abin yana nan a ƙirjina duk tsawon lokacin, sai na ce, “Alhaji, har yanzu kana jin haushin kofin nan?”

Ya dube ni ya ce, “Wane kofi?”

Na tuna masa. Ya yi ɗan tunani, ya yi dariya ya ce, “Kai Malam, kana da riƙo! Ashe ba mu muka ci ba a shekarar?” Sai wani mai saye ya zo, ya juya wurinsa.

Na hau babur ɗina na kama hanyar Kurfi ina ta juya maganar. Abin da aka nemi in ba da hannuna saboda shi, wanda ya fi kowa nemansa ma bai riƙe shi ba. Ni kuwa da hannun nan na yi shekaru ina rubutu a allo, da shi na yi wa Baba noma har ƙarfinsa ya ƙare, da shi na ɗauki 'ya'yana. Abin da na koya ke nan: masu cewa ka ƙara sau ɗaya za su tashi su tafi harkokinsu, su manta, kai ne za ka zauna da jikinka har ƙarshen rayuwa. In ya nemi hutu ka ba shi, ko da hutun zai sa ka ci tuwo kai kaɗai.