Ina Yawo A Daji Ana Binne Baba

Jama'a, ashe tun safe kowa ya sani sai ni.

Muna tsakiyar dajin bakin teku na Al Thakira, a nan ƙasar waje da muke zaune, saƙon ya shigo. Wani tsohon ɗan ajinmu ne: "Allah ya jiƙan Baba, yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Na tsaya cak. Na karanta sau uku.

Bala, abokin ɗakina, shi ya matsa min mu fito yawo. Ya ce hanyar ba wuya. A mota ya karɓi wayata wai zai sa min caji. Sai da muka yi nisa na karɓa don in ɗauki hoton tsuntsaye.

Na nuna masa saƙon. Ya sunkuyar da kai.

"Yayanka ne ya kira ni da asuba. Ya ce in riƙe ka har a gama, kada ka ce a jira ka."

Na ce, "Bala, ko ta waya ai da na ga fuskarsa."

Ya ce, "Yi haƙuri. Taho, mu koma mota."

Ashe ɗazu ina dariya ina tsallake ruwa, ana kai Baba makwancinsa.

Yaya yana ta kira tun ɗazu. Har yanzu ban ɗauka ba.