Sunayen Intanet da Suka Shanye Ruwan Albasar Yayana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya ce take riƙe mini hannu. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina da ɗan shago a Goronyo inda nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa. A gidanmu ni kaɗai na yi boko har kwaleji, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya hau mini kai. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama a bakin gulbi wajen Taloka. Yayana ne yake noma ta, da albasarta ya biya mini kuɗin makaranta. Shi bai yi boko ba, ba shi da asusun banki, saboda haka in ya sayar da albasa a asusuna ake zuba kuɗin, in ya tashi buƙata in ciro masa. Bai taɓa tambayata nawa ya rage ba.

Wata rana na ci karo da bidiyon wani mutum yana bayanin cewa sunan nan da ake bugawa a shiga shafin intanet, wanda suke kira domen, ana iya sayensa da arha a ajiye, ran da wani kamfani ya buƙace shi sai ya saya da tsada. Na yi dariya na ce ashe sana'ar gidanmu ce: a zuba albasa a rudu, wato rumfar ajiyarta, lokacin da take banza, a fito da ita in ta yi kuɗi. A wannan shekarar, da Yaya ya sayar da albasar ajiya ya ba ni rabona, sai na zauna na yi ta saye. Na sayi sunan albasa, na shinkafa, na kifi, na fata, na haɗa sunan Wurno da kasuwa, na Rabah da shanu, har na tara guda arba'in da uku. Ina kallonsu a waya ina jin kaina attajiri. Abin da ban tsaya na gane ba shi ne ba saye na yi ba, haya na kama. Kowane suna sai an sabunta shi duk shekara, in ba a biya ba ya kuɓuce, kuma arhar shekarar farko tarko ce kawai.

Shekara ta zagayo, na biya da cinikin shago ina cije baki. Kamfanin da nake hulɗa da su naira suke karɓa, amma farashinsu dala yake bi, ita kuwa dala a lokacin kullum sama take yi. A shekara ta biyu sai da na sayar da ɗaya daga cikin injinan buga takardun shagona. Duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya tak ya taɓa turo mini saƙo yana tambayar kuɗin wani suna. Don haɗama na yanka masa farashin da ko ni na san hauka ne, bai sake magana ba. Amma saƙon nan shi ya ƙarasa ni, domin daga ranar na sa a raina cewa arziki yana bakin ƙofa, haƙuri kawai ya rage.

Wani abu kuma da ban lura da shi ba, tunda a kakar sayar da albasar ajiya na saye su duka, to a wannan kakar dai ake neman kuɗinsu duka, kuma ita ce kakar dashe, lokacin da fadama take cin fetur da taki. A shekara ta uku saƙonnin gargaɗi suka fara shigowa, kwana talatin, kwana goma, kwana uku. Aljihuna babu komai. A asusuna kuwa ga kuɗin Yaya a kwance, waɗanda ya ware don man injin ban-ruwa. Da na saki talatin na riƙe goma, da abin ya zo da sauƙi, amma duk wanda na ɗora yatsa a kai sai zuciyata ta ce ai shi ne za a nema gobe. Na ce wa kaina aro ne, kafin ya nema na mayar. Da hannuna na biya su gaba ɗaya, ba wanda ya yaudare ni.

Ranar kasuwa Yaya ya zo kan babur da jarkoki biyu, ya ce in ciro masa kuɗin mai. Na ce sabis ɗin banki ya lalace. Wallahi har ya ba ni haƙuri, ya ce kada in sa wa kaina damuwa, waɗannan na'urori haka suke. Sau uku yana zuwa, sau uku ina yi masa wannan ƙarya. Ya ranci ɗan mai wurin maƙwabcin gona, bai kai ko'ina ba. A kwana na tara na kasa zama a shago, na tafi fadamar. Na iske fangulan albasar da ke nesa da gulbi sun tsattsage, dashen ya kwanta ya yi fari, shi kuma yana ɗibar ruwa da bokiti yana bin layi ɗaya-ɗaya, mutumin da ya ba arba'in baya. A nan na durƙusa na faɗa masa gaskiya.

Na so ya zage ni, ko ya kwaɗa mini bokitin. Bai yi ba. Ya goge hannu a riga ya tambaye ni mi na saya, ya ce in nuna masa. Na miƙa masa waya. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa, sannan ya tambaya ko za a iya kai su kasuwar Wurno a karyar ko da rabin kuɗi ne, a samu na mai. Na ce ba a kai su kasuwa. Ya ce to ko dillali babu? Na ce akwai, amma babu mai so. Ya miƙo mini wayata, ya ce kada Inna ta ji, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Washegari ya sayar da babur ɗinsa ya sayi mai. Rabin gonar aka ceto.

Na saki sunayen nan duka ban da biyu, na yi shekara biyu ina biyansa kaɗan-kaɗan. Ban ce sana'ar zamba ba ce, akwai masu cin abinci da ita. Amma ga duk matashin da ke sha'awarta, kafin ka sayi suna ɗaya ka lissafa kuɗin riƙe shi na shekara biyar a kan cewa ba wanda zai taya, ka tambayi kanka daga ina kuɗin za su fito. Abin da bai yi motsi ba ka sake shi, kada ka ce ka riga ka kashe masa da yawa. Kuma in an ba ka ajiya, to ba taka ba ce ko da a asusunka take kwana.

Kuɗi dai na biya, amma akwai abin da bai dawo ba. Bara Yaya ya shigo shagona da hotunan fasfo a hannu, ya zauna a bencin da kwastomomi ke zama. Ya ce ai na yi ta fama da hidimarsa, yana so ya rage mini wahala, in taimaka in cike masa fom ya buɗe asusun kansa. Na cike masa fom ɗin, hawaye na zubo mini, na nuna masa inda zai dangwala yatsa. Da zai tafi ya tambaye ni nawa ne kuɗin aikin.