Tagar da Baba Ya Shayar da Buta

Shekarar da soja suka koma bariki, Baba ya ce tunda kowa ya samu 'yanci, shi ma ɗakinsa sai ya ga rana. Ɗakin ƙasan bene ne a gidanmu na Ƙofar Durɓi, kuma ya daɗe yana mita cewa duhu ya hana shi karatun Alƙur'aninsa. Taga yake so a bangon gabas, ranar nan ba gobe ba.

Na kira birkila, wani dattijo marar son wargi. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Alhaji, bangon nan shi ke ɗauke da bene. In na fasa hakanan, ɗanka da iyalinshi bisa kanka za su sauko."

Ni ne ɗan, don haka nan take na koma ɓangaren birkila. Baba ya harare ni, ya ce tun ba a je ko'ina ba har an fara sauya sheƙa.

Aka tokare rufin da itatuwa, aka fasa, aka ɗaure rodi, aka zuba linta ta kankare a saman ramin don ta ɗauki nauyi, aka toshe ramin da katako. Birkila ya ce a jira sati uku, kuma kullum a ba kankaren ruwa. Ai kuwa Baba ya karɓe aikin. Duk alwala sai ya cika buta ya ɗare kujera, sau biyar a yini, yana yi wa lintar faɗa ta yi sauri. Inna ta ce ko mu da ya haifa bai shayar da mu haka ba.

Ranar cikar sati uku, da hantsi, birkila ya cire tokara, ya ɓamɓare katako. Bene bai motsa ba. Rana ta kwararo har kan buzun Baba, har ina ƙifta ido. Yana zaune, Alƙur'ani buɗe a cinyarsa. Ya matso da shi kusa da fuska, ya nesanta, ya sake matsowa.

"Wai mi kuke jira ne? Ku ida cire katakon mana."

Ashe duhun ba a ɗakin yake ba, a idonsa yake. Birkila ya sunkuya yana tattara ƙusoshi. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na ranar ba.

Na zauna kusa da shi, na karɓi Alƙur'anin, na tambaye shi inda ya tsaya.