Gwangwanin da Ke Kusa da Man Shanu

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1939, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mista Alden Kimbrough a ɗakin saman gidanmu na Glendale, inda ya shekara tara yana zaune da mu.

Mista Alden, fim ashirin da uku ka rubuta ka kuma shirya, tun zamanin da fim ba ya magana. Da fim ya buɗe baki sai aka manta da kai. Kamfani ya narkar da finafinanka don a cire azurfar jikinsu. Naɗin fim ɗaya ka tsira da shi, wanda marigayiya matarka Viola take waiwayowa a bakin ƙofa. Da yake irin fim ɗin nan da zafi kaɗan yake kama wuta, sai ka adana gwangwaninsa a akwatin ƙanƙararmu.

Kullum Mama sai ta yi mita: "Mista Alden, matarka ta danne min man shanu!"

"Ki yi haƙuri da ita, ai ba ta ci," in ji ka.

Ni kuwa ba ka bar ni na huta da littattafan soyayyata ba. "Nola, shafi uku saurayin yana rantsuwa yana son ta? Ni hula kawai zan sa ya cire, mata su yi ta kuka."

Bayan jana'iza 'yarka Misis Harriet ta zo kwashe kaya. Ta ce a zubar da gwangwanin, wai silima ce ta raba ta da iyayenta tun tana ƙarama. Ka san ni, don kunya ko mai kawo madara ba na iya gaisarwa.

Sai na yi irin naka, hoto maimakon magana. Na warware fim ɗin kaɗan, na ɗaga mata shi saitin taga.

Ta daɗe tana kallon 'yar fuskar mahaifiyarta. Can ta cire safar hannunta, ta karɓa.

"Yaya ake ajiye shi?" ta tambaya.

Mama ce ta amsa, tana share ido da gefen riga: "Kusa da man shanu. Ba ta ci."

Allah ya jiƙanka, Mista Alden, ya yafe maka kurakuranka, ya sada ka da Viola tana waiwayowa. Misis Harriet da 'ya'yanta, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu ma ya ba mu.